Goron da Na Kai Guam

Akwai maganar da ake yi a kaina a gida, kuma na san ta iso kunnuwanku, ku jikokina, domin danginmu ba su iya riƙe magana ba. Ana cewa Rifkatu ta bar tsohuwar uwarta a Zonkwa ta hau jirgi ta tafi wani tsibiri shan ruwan kwakwa. Rabin maganar gaskiya ne. Na je tsibirin, ruwan kwakwar ma na sha. Ɗaya rabin shi zan rubuta a nan, tun hannuna yana iya riƙe biro, don kada bayan raina ku ji labarin daga bakin waɗanda ba su je ba.

Sai kun san irin matar da nake a lokacin kafin ku gane wautar da na yi. Ni da kakanku Bitrus mun shigo ƙasar nan ta Amurka da biza ta 'yan watanni, ta ƙare, muka zauna. Shekaru muka yi a wani ɗan ɗaki a Hyattsville, ina wanke tsofaffi a gidajensu, shi yana gadin wurin ajiye motoci. Ko mai kawo wasiƙa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka jami'an shige da fice ne. A nan aka haifi Ishaya, daga baya Hannatu. Kafin mu samu takardar izinin zama, in yi karatun nas, mu koma Largo, in ɗaga hannu in yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, tsoron nan ya riga ya gyara mini ido yadda yake so. Mutanen duniya a wurina iri biyu ne kawai, mai takarda da mai neman takarda. Kuma na ga abin da neman takarda yake sa mutane su yi. Ɗan wata 'yar cocinmu ya auri yarinya, muka yi anko, muka yi rawa, ranar da katinta na izinin zama ya fito ta kwashe kayanta ta bar masa zoben a kan firji. Tun daga ranar na sa wa Ishaya ido kamar kaza mai 'ya'ya.

Wata Lahadi bayan coci ya kawo Teresa. Gajeriya ce, fatarta kamar ta Fulanin daji, gashi har gadon baya, kuma a wani asibiti a Silver Spring take aikin gasa wa marasa lafiya ƙashi. Na miƙa mata hannu mu gaisa, sai ta sunkuya ta kama hannun ta kai hancinta. Na fizge abina. A raina na ce, wannan wace irin tarbiyya ce, daga zuwa gidan mutane sai shinshina su? Da safen na daka daddawa, na ɗauka ita ta jiyo. Ta ci tuwon acca da miyar karkashi da hannu, har da ƙari, Bitrus sai murmushi yake yi kamar shi ya dafa. Na tambaye ta garinsu, ta ce Guam. Na ce a ina yake? Ta ce tsibiri ne can cikin teku, daga nan sai mutum ya yi kusan kwana guda a jirgi. Ta ƙara wasu bayanai, amma ni daga “tsibiri” da “kwana guda a jirgi” na daina saurare, na fara lissafi.

A wurinmu ba a aure sai an yi bincike. Ana tura kawu ko gwaggo su bi ta bayan gida su ji ko dangin suna da hauka, ko sata, ko matansu ba sa zaman aure. To wa zan tura tsakiyar teku? Sai na zama kawun kaina. Na tambayi wata nas 'yar Filifin da muke aiki lokaci ɗaya a asibiti, ta ce ai Guam kusa da su yake, amma su lamarinsu daban ne. Na riƙe “kusa da mu”, na yar da sauran, domin na san wahalar da 'yan Filifin suke sha kafin su samu takarda. Da na kawo wa Bitrus sakamakon bincikena, ya cire tabarau ya dube ni.

“Maman Ishaya, ga kwamfuta nan a falo. Ki sa Hannatu ta duba miki wurin nan kafin ki buɗe baki.”

“Kwamfuta ce ta yi shekara bakwai tana ɓuya a Hyattsville, ko ni?”

“To. Ni dai na faɗa miki.”

Kakanku ke nan. Sau ɗaya yake faɗar magana, sannan ya koma gefe ya jira ka faɗa ramin.

Wata Asabar da hantsi na kira Teresa, na ce ta zo in koya mata miya. Ta zo da littafi da biro, baiwar Allah. Na zaunar da ita a kicin, na kawo lemo, na yi mata magana da murya mai laushi, kuma wannan laushin shi ya fi ci mini rai yanzu. Da Turanci muka yi, amma ga abin da na ce.

“'Yata, ni ma na san wahalar takarda. Ba na ganin laifinki. In girin-kad, katin izinin zama, kike nema, na san lauya mai kirki, zan kai ki da kaina. Amma ki bar mini ɗana.”

Ta dubi littafinta. Sannan ta rufe shi.

“Mama, fasfon da kike magana a kansa, da shi aka haife ni. Tsibirinmu yana hannun Amurka tun kafin a haifi kakana.”

Na buɗe baki, ta ci gaba, ba tare da ta ɗaga murya ba.

“Yayana Bisente soja ne. Ya mutu a yaƙi cikin kakin ƙasar nan shekara uku da suka wuce. Tutar da aka rufe akwatinsa da ita tana falon babana. In kina son ganin takarda, ita ce takardarmu.”

Ta tashi, ta wanke kofin da ta sha lemo, ta kife shi, ta yi mini sallama. Hannuna kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, kuma na lura da haka.

Da la'asar Ishaya ya zo. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi, amma bai ba ni damar amfani da ko ɗaya ba. Ya sauka ɗakinsa na ƙasa, ya kwashe kayansa a jaka biyu, ya gaida babansa, ya ajiye makulli a kan tebur ya fita. Wata huɗu ban ji muryarsa ba. In na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na san ya kamata in je in ba da haƙuri, Silver Spring ba nisa, amma girman kai ya riƙe mini ƙafa. Kullum sai in ce gobe. A coci ina raira waƙa da ƙarfi fiye da kowa, in dawo gida in zauna a mota a gareji in yi kuka, in share ido in shiga in dafa abinci. A cikin watannin nan ne na sa Hannatu ta buɗe mini kwamfutar, bayan aikin gama ya gama. Na ga ɗan ɗigo a tsakiyar shuɗi, na karanta cewa Sifaniya ta mulki wurin ɗaruruwan shekaru, har ƙarfinta ya ƙare, Amurka ta ci ta da yaƙi ta karɓe shi tare da wasu tsibiran. Ni da na haddace tambayoyin jarrabawar zama 'yar ƙasa, na ci ba kuskure ko ɗaya, ban san ƙasar tawa tana da wannan ɗakin a bayan gida ba.

Hannatu ce ta kawo labarin cewa za a ɗaura aure a Guam a watan Disamba. An gayyaci Bitrus, an gayyace ta. Sunana ba ya ciki. Bitrus ya same ni ina ninke kaya.

“Ba a taɓa zuwa neman aure a danginmu a bar uwar yaro a gida ba, kuma ba daga kaina za a fara ba. Amma auren ɗana ba zai wuce ni ba. Ki san yadda za ki yi.”

Ga inda gizo yake saƙa. Hutuna na shekarar mako uku ne, kuma na riga na ajiye shi a Disamba don in je Zonkwa. Shekara shida rabona da mahaifiyata, Tabita. Idanunta sun fara dushewa, ƙafafunta sun kumbura, kuma duk wanda ya je gida ya dawo sai ya ce mini, “Rifkatu, ki yi ƙoƙari.” Na je wurin shugabarmu a asibiti na roƙi ƙari, ta nuna mini jadawalin lokacin sanyi, gadaje cike, ma'aikata ba su isa ba. Ba mugunta ta yi ba, babu ne. Na kwanta da taswira a kaina, Zonkwa a wannan gefen duniya, Guam a wancan, ni a tsakiya da mako uku. Ƙarshe na kira wayar ƙanena Yohanna na ce ya kai wa Mama. Na faɗa mata komai, ban rage ba, har da maganar lauya. Ina jin zakara yana cara a tsakar gidanmu, sai ta ce:

“Rifkatu, ni na ga auren 'ya'yana duka takwas. Ke kin ga nawa?”

“Ko ɗaya, Mama.”

“To me za ki zo ki yi mini? Ki zauna ina kallonki? Idon ma ba ya gani.”

“Mama, ina tsoron kada…”

“Na san abin da kike tsoro. Wannan ba a hannunki yake ba. Ɗanki yana hannunki. Kin sayi goro?”

“Ban saya ba.”

“Da bakin nan naki za ki je musu hannu wofi? Ki sayi fari, manya. Ki durƙusa sosai, ba irin durƙuson 'yan boko ba.”

Na sayi goron a wani shagon 'yan Gana a Hyattsville, na zaɓe shi ɗaya-ɗaya har mai shagon ya gaji da ni. Na haɗa da gishiri da turmin atamfa biyu. Akuya dai ba ta shiga jirgi, Bitrus ya ce a bar ta bashi a kan Ishaya. Hannatu ta sanar da su cewa ina tafe, amsar da ta dawo ita ce ba wanda zai hana ni. Da wannan gayyatar na hau jirgi.

Mun sauka cikin zafi mai ɗanɗano irin na Legas. Ga mangwaro, ga gwanda, ga rogo, kaji suna tsallaka titi, amma kuɗin dala ne, motar 'yan makaranta rawaya ce irin ta Largo, tutar Amurka dai tana kaɗawa. Ishaya ya rungume babansa da ƙanwarsa, ni kuma ya karɓi jakata ya yi mini barka da zuwa da Turanci, kamar ma'aikacin otel. Washegari da safe muka je gidan su Teresa. Babanta, wanda kowa yake kira Tun Hose, dogon tsoho ne mai raha, mamanta Tan Rosa ba ta da yawan magana. Ina shiga falon idona ya faɗa kan tutar, an ninke ta kusurwa uku a cikin gilashi, kusa da hoton saurayi mai kunnuwa irin na Teresa. Na sunkuyar da kai na wuce.

Tun Hose bai bar wurin ya yi nauyi ba. Ya zaunar da mu a baranda ya fara ba Bitrus tarihi. Ya ce ranar da jirgin yaƙin Amurka ya iso ya harba igwa, 'yan Sifaniya masu mulkin tsibirin ba su ma san ana yaƙi ba, domin wasiƙa ta daɗe ba ta zo ba. Sun ɗauka gaisuwar girma ce, suka shiga kwalekwale suka je ba da haƙuri cewa ba su da albarushin ramawa, aka ce musu ai ku fursunoni ne. Bitrus ya yi dariya har da tari.

“Haka kakanninmu suka kwana da maigida ɗaya suka tashi da wani,” in ji Tun Hose. “Ba wanda ya tambaye su. Ku kun zo Amurka da ƙafarku. Mu Amurka ce ta zo mana.”

Sai ya juyo gare ni.

“An ce kin yi rantsuwa. Kin zaɓi shugaban ƙasa?”

“Sau biyu.”

“Ni ban taɓa ba. Daga nan ba a yi. Ɗana ma bai taɓa ba.”

Ba da ɗaci ya faɗa ba, kamar mai faɗar farashin kifi. Ni kuwa na tuna kakana da yake cewa Turawa sun zo sun ƙirga su kamar awaki, ba wanda ya nemi jin bakinsu. Namu sun tafi, muka bi su da jaka. Nasu suna nan, har da waya mai ƙaya kewaye da wani yanki na tsibirin da sojoji suka karɓe, inda Tun Hose ya ce gonar babansa take a da.

Lokacin magana ya yi. Bitrus ya gyara babbar riga, ya ajiye ƙwaryar goro da gishiri, ya ce da Hausa za a yi kamar yadda iyayenmu suka yi, Ishaya ya fassara. Kun san ubanku, Hausa yana jin ta sarai amma tun yana aji ɗaya da Turanci yake amsawa. Bitrus ya ce mun zo neman iri ne a wannan gida mai albarka, Ishaya ya juya, aka yi ta gyaɗa kai. A al'ada mace ba ta sa baki a nan. Na ce ina neman izini. Bitrus ya dube ni, ya matsa gefe. Na sauka daga kujera na durƙusa a kan siminti, gwiwa biyu, irin wanda Mama ta ce. Na ce na zagi 'yarsu a cikin kicin ɗina. Na faɗi kalmomin da na yi amfani da su, ɗaya bayan ɗaya, Ishaya yana maimaitawa da bakinsa yana kallon ƙasa. Na ce na yi haka ne don jahilci da tsoro, kuma ba wanda ya aike ni. Na ce na taɓa kabarin ɗansu da ƙazamin hannu ban sani ba. Na jira ya fassara wannan, bai fassara ba. Na ɗaga kai na dube shi, sai ya ce:

“Mama, ya isa. Ki tashi, gwiwarki.”

Da Hausa ya faɗa, karyayyiya, amma Hausa. Ban tashi ba sai da Tan Rosa ta zo ta ɗaga ni da kanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ta dai kakkaɓe mini zane.

Tun Hose ya ɗauki goro ɗaya ya jujjuya, ya tambayi amfaninsa. Da aka gaya masa, sai ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo kwando. Ashe su ma ba a neman aure a wurinsu sai da wani ɗan itace mai tauri da suke kira pugua, ana tauna shi da ganye. Ya ce tun da baƙi ne mu, ya tanadi nasa don kada a yi abin ba daidai ba. Ya ɓare goron ya jefa a baki, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, amma ya haɗiye. Ni ma na tauna nasu, kaina ya juya, gumi ya karyo mini, na riƙe kujera. Kowa ya yi dariya, har Tan Rosa. Ana cikin haka Teresa ta fito daga ɗaki. Ta bi tsofaffin gidan ɗaya-ɗaya tana kai hannunsu hancinta, ta yi wa Bitrus, sannan ta tsaya a gabana. Tan Rosa ta ce mini haka yaransu suke neman albarkar manya. Wato ranar farko, da na fizge hannuna, albarka yarinyar nan take roƙo. Na miƙa mata duka biyun.

An ɗaura aure ranar Asabar, na yi rawa da atamfata har 'yan tsibirin suka kewaye ni. Na dawo bakin aiki da niyyar in je Zonkwa a hutu na gaba. Mama ta rasu kafin Ista. Na je, amma gawa na tarar, kuma a bakin kabarin yayata Saratu ta faɗi maganar kwakwar nan da kuka ji. Ban amsa mata ba, kuma ba na riƙe ta a zuci, ita ta yi jinya ba ni ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin bai dame ni ba. Har yau in na ga tsohuwa mai kumburin ƙafa a layin kanti sai na kau da kai. Da na yi shiru a kicin ranar nan, ko da na taka zuwa Silver Spring a cikin wata huɗun nan, da na ga uwata da rai kuma na ga auren ɗana. Ba Guam ce ta hana ni ganinta ba, bakina ne da taurin kaina. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe daidai, musamman ke Tabita, da kike ɗauke da sunanta, da kai Bisente.

Bayan an watse daga makoki Yohanna ya ja ni gefe ya ba ni wani labari. Ya ce ranar da muka kai goro, Hannatu ta aiko masa saƙo, ya gani da sassafe yana shirin tafiya gona. Ya tarar da Mama a bakin ƙofarta tana shan hantsi, ashe kwana uku tana tambayarsa. Ta ce, an karɓa? Ya ce an karɓa. Ta ce, ta durƙusa? Ya ce har sai da aka ɗaga ta. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta toshe hanci, ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar auren wa ake yi.

Ta ce musu na jikanta ne, kuma 'yarta tana can.